Ina Shinge Ya Shige? Musayar Baitoci Daga Daura

Malam Lawal, Daura:
Assalamu alaikum. Daren jiya aka yi ruwa mai kyau. Na kunna fitila a tsakar gida, na ajiye kwano da ruwa don jikoki su ga shinge, har barci ya ɗauke su ba mu tara cikin tafin hannu ba. Ga ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Mai iyawa ya ɗora.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi,
Na kunna fitila, ba abin kamawa.

Da can shinge kan dushe aci-balbal,
Mu cika ƙwarya, Inna tana soyawa.

Maƙesu mai haska bakin fadama,
Na ba jikana labari, yana musawa.

Baba Sale mai zuma, Sandamu:
Malam, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi.

Amya ashirin na ɗaure bisa gawo,
Bakwai kaɗai zuma ke zaunawa.

An sare ɗorawa an mai da ta gawayi,
Ina furen da za su je tsotsawa?

Ran da aka yi feshin wake gefena,
Da tsintsiya na wuni ina sharewa.

Ɗanlami manomi, Daberam:
Baba, a gafarce ni, ina cikin masu feshin.

Tsutsa kan faɗa wake tun yana fure,
In na bar ta, rumbu ba abin zubawa.

Bashin taki na kaina, ga na iri,
Mai bashi bai san zuma na mutuwa.

Amma kankanata ta ba ni tsoro bana,
Fure tuli, 'ya'yan ba sa ƙulluwa.

Malama Hadiza, Katsina:
Ɗanlami, baitinka na ƙarshe ya tsaya mini a rai. Kankana da kabewa furensu iri biyu ne, namiji da mace, sai ƙudan zuma ya ɗebi garin wannan ya kai wa wancan kafin ɗa ya ƙullu. Gero da dawa da masara iska ke yi musu aikin, shi ya sa ba ka ga alama a can ba. Kuma abin ya wuce ƙasar Daura. A Jamus, masu bincike na garin Krefeld sun shekara 27 suna auna nauyin ƙwari masu tashi da ke faɗawa tarkonsu a wurare 63 da aka keɓe. A 2017 aka bayyana cewa ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100.

Shamuwa fara take bi ta zo mana,
In ba fara, me zai sa ta dawowa?

Buzuzu ke binne kashin shanu,
Yana ba gona taki ba gajiyawa.

Zanzaro tsutsa yake kai wa ɗakinsa,
Ka kashe shi, tsutsar ce ke ƙaruwa.

Ɗanlami:
Malama na ji, na kuma yarda,
To ya zan yi, wake na lalacewa?

Baba Sale:
Ɗana, ban ce ka bar gonarka ba.

Kar ka fesa da hantsi suna kan fure,
Bari sai rana ta kusa faɗuwa.

Ka aiko yaro tun jajibirin feshi,
In toshe amya kafin wayewa.

Daka ƙwallon bedi ka jiƙa ya kwana,
Gwada shi a kunya biyu kafin rainawa.

Ɗanlami:
Na ɗauka, Baba. Ran Laraba bayan kasuwa zan biyo ka nuna mini yadda ake jiƙon.

Malam Lawal:
Allah Ya yi muku albarka. Hadari ya sake haɗowa ta gabas, yau ma zan kunna fitilar. Don Allah duk wanda ya ga maƙesu a fadamarsu ya faɗa mini wurin, in kai yaron nan ya gani da idonsa.