Ragowar fatar kamfani da ɗalibaina, ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Malamin_Zane:
Assalamu alaikum jama'a. Ni malami ne a wata makarantar koyon sana'a nan Kano, zane da aikin hannu nake koyarwa. Duk sanda na bi ta Sharada ko Challawa sai in ga tulin ragowar fata da roba an jibge, wani ma wuta ake cinna masa hayaƙi ya turnuƙe unguwa, mu kuwa a aji ko kwalin da yara za su yi gwaji da shi sai na sa hannu a aljihu. Na kai wa wani kamfani takarda yau wata uku shiru kake ji, sau biyu ina komawa maigadi yana cewa manaja baya nan. Ni burina yaro ya kalli abin da aka yar ya gano da kansa me zai zama, ba kullum kwafar abin da na zana a allo ba. Don Allah wanda ya san kan abin ya ban shawara.

Baba_Baduku:
Wa'alaikumussalam Malam. Ai ragowar nan ba duka ce shara ba, mai kyan buhu-buhu ake sayar da ita, mu kanmu a Ƙofar Wambai saye muke, shi yasa suka ɗauki takardarka kamar roƙo. Ka sa yaran su fara yin wani abu ko maƙalin makulli ne ko kuben wuƙa ka riƙe a hannu ka je, za ka ga bambanci. Amma ka kiyayi shuɗin kankaren nan da ake fitarwa bayan jima, maganin kurom ne a jiki, wato sinadarin da ake jeme fata da shi, kar yara su taɓa da hannu kuma kar a ƙona. Wadda aka gama aka rina za ka nema.

Injiniya_KD:
Malam ka leƙo tsohuwar Panteka a Kaduna ka sha kallo, tukwane da murhu da injin niƙa duk daga ƙarfen da aka yar. Lokacin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabancin Kadpoly, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, an haɗa gwiwa da masu sana'ar wurin, to kaga ba dole sai babban kamfani ba, ƙananan masu sana'a sun fi saurin buɗe maka ƙofa. Sannan ni a ganina kar ka fara da sharar, ka fara da mutum. Ka tura yaran wajen mai ƙosai ko mai shayi su zauna su kalli aikinsa su tambaye shi me ke ba shi wahala, in mai ƙosai ta ce itace ya yi tsada to sai su dawo su zana, su haɗa na gwaji da gwangwani, su kai mata ta yi amfani da shi ta kushe musu su sake gyarawa, a kushewar nan ilimin yake wallahi. Ka tuna murhun Abacha mai aiki da garin katako lokacin wahalar kananzir? buƙata ce ta haife shi. Ga garin katako nan jibge a Na'ibawa. Batun fata kuma ka tuntuɓi NILEST, cibiyar nazarin fata da ke Samarun Zariya, fanninsu ne.

Maman_Ilham:
Kun manta da mu teloli. Ƙyallen da nake sharewa daga shago a satin sallah kaɗai ya isa cika matasan kai biyu. In akwai 'yan mata a ajin su zo su kwasa, ana haɗa jaka da abin goge ƙafa na bakin ƙofa.

Malamin_Zane:
Allah ya saka da alheri. Baba wallahi ban san da maganar kurom ba, saura kaɗan in sa su kwaso shuɗin nan. Hajiya akwai mata 9 a ajin, ran Asabar in sha Allahu za mu zo da buhu. Injiniya akwai mai ƙosai a bakin get ɗinmu, da ita za mu fara ran Litinin.