Neman kalmar Hausa: me za mu kira furen da Turawa ke ce wa "orchid"?

Mai zare, Gangare

Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa ɗan rubutu a kan furannin dajin da ke kewayen Jos saboda 'yan makaranta masu fita yawon ganin tsirrai, sai na zo na cije a kan kalma ɗaya. Abin da Turawa ke kira "orchid" ba tsiro guda ba ne, dangi ne sukutum, nau'i wajen 28,000 a duniya. Banila da ake sa wa kek da askirim ma ɗiyar gidan ce. Suna nake nema wanda zai rufe dangin gaba ɗaya.

Don kada mu raɗa wa yaron da ba mu gani ba suna, ga yadda ake gane shi. Furen yana da kunnuwa shida, uku a waje, uku a ciki. Biyar sun yi kama da juna ko kusa da haka, na shidan kuwa ya fita zakka: ya fi faɗi, ko ya fi launi, ko ya yi zane, yawanci kuma yana ƙasa, a nan ƙwaro ke sauka. Shi ake ce wa leɓe. A tsakiya ba za ka ga 'yan zare-zare masu gari ba irin na furen kuɓewa, abu ɗaya tak za ka gani a tsaye, namiji da mace sun haɗe a jikinsa. Garin furen kuma a dunƙule yake. Ka sa tsinken ciyawa ka taɓa kan abin nan a hankali, sai ka ga ɗan ƙulli rawaya ya manno a jikin tsinken. Haka yake manne wa ƙudan zuma a ka. In kwanson 'ya'yan ya bushe ya tsage, ƙura ce ke fita, iri dubbai, kowanne da ƙyar ido ke kama shi.

Wasu a ƙasa suke fitowa, wasu a kan bishiya, na kuma ɗora hoton kowanne. To, bismillah.

Ɗalibi, kwalejin gandun daji

Yaya, na kan bishiyar ai muna da sunansa tun tuni. Ba kauci ba ne?

Malami mai ritaya, Bukur

A'a ɗana, nan ne mutane da yawa ke zamewa. Kauci ɓarawo ne. Yana huda reshe ya shiga cikin naman itacen ya sha ruwansa, shi ya sa inda ya kama reshen ke kumbura, in ya yi yawa ma ya kashe shi. Wannan kuwa mazauni kawai ya nema. Saiwarsa a bayan ɓawo take kwance, fara, mai kauri, in ka jiƙa ta sai ta koma kore. Ruwan sama da raɓa take sha, abincinta kuma ruɓaɓɓen ganyen da ya maƙale a wurin. Ka sa farce ka ɗaga saiwar, za ka ga ɓawon lafiya lau a ƙarƙashi. In muka ce masa kauci, gobe mai lambun mangwaro zai sa adda ya sare shi, ya ce ya yi maganin cuta.

Hajiya mai lambun fure, Rayfield

Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. Duk mai sayar da fure a bakin titi a garin nan okid yake cewa, masu zuwa daga Abuja saye ma okid suke tambaya. Mun ce karas, mun ce latas, mun ce kabeji, ba wanda ya ce Hausa ta mutu. A rubuta okid a wuce wurin.

Ustazu, Unguwar Rogo

Hajiya, ba a ƙi ta taki ba, amma in aro za a yi, akwai maƙwabcin da muka saba aro a wurinsa. Larabawa na cewa sahlab. Sai dai zan faɗi gaskiya, asalin kalmar ba ta da daɗin faɗi a gaban surukai: daga husa tha'alab take, wato marainan yanyawa, saboda wasu nau'o'in can ƙasashensu suna da saiwa biyu a dunƙule gefe da gefe. Ita ma ta Turawan haka take, "orchis" a Girkanci ma'anarsa maraina. Saboda haka kada wani ya kawo shawarar a fassara kai tsaye, yara za a koya wa.

Mai zare

Allah ya gafarta malam, wannan ƙofa mun rufe ta da kwaɗo. Sahlab kuma a yau ya fi zama sunan abin shan da ake damawa da garin saiwar a Masar da Turkiyya lokacin sanyi. Wanda ya je can zai ɗauka kofi za a miƙo masa.

Ga tawa: furen leɓe. Sunan da kansa zai gaya wa yaro inda zai kai idonsa.

Malami mai ritaya

Da na yarda, amma je ka gonar riɗi ka duba furensa, leɓe ne da shi a ƙasa. Ɗoɗɗoya da na'ana'a ma haka, har tsohon sunan danginsu a Latin ma'anarsa masu leɓe. Ka ga in yaro ya riƙe sunanka, furen farko da zai tsinko maka na riɗi ne, kuma ba ka da bakin ce masa ya yi kuskure.

Wata 'yar'uwa, Narkuta

Baba, ku yi haƙuri in sa baki. Na nuna wa kakarmu hoton da Yaya ya ɗora, na kan bishiyar nan mai fure rawaya da ɗige-ɗige ruwan ƙasa. Ko ɗaya ba ta yi jinkiri ba ta ce manta-uwa ce. Ta ce a da ana jiƙa wa yaron da za a yaye.

Malami mai ritaya

Allah ya ƙara wa Iya lafiya, ta yi mana aikin. Wanda ke hoton Ansellia africana ne. An sa masa sunan wani Bature mai kula da tsirrai, John Ansell, wanda ya tsinto shi a tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko a ƙasar Equatorial Guinea, a 1841. Ba ya ɓoyuwa: kara dogaye masu gaɓa-gaɓa a cunkushe wuri guda, ga fararen saiwoyi sirara sun miƙe sama sun yi kwando suna tare ganyen da ke faɗowa. Yakan hau manyan itatuwa da dangin giginya. Sunan da Iya ta faɗa kuma yana nan a rubuce. Dalziel, likitan nan da ya yi aiki a Arewa ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kawo manta-uwa a matsayin sunan wannan da 'yan'uwansa masu hawa bishiya.

Amma kada a ce na ɓoye rabin magana. A wurin nan dai ya nuna ana kiran wata ciyawa 'yar dangin wake da sunan, ya kuma ce ban da yaye, ana ba bayi don kada su gudu. Suna ne mai tarihi mai ɗaci.

Ɗalibi

To Baba, in haka ne sunan na kan bishiya ne kawai. Mu kuma nan Filato na ƙasa sun fi saurin shiga ido. Ya za a yi da su?

Mai zare

Ƙanena, ka zo inda nake so. Bari in ɗan tsaya a kan na ƙasan, don yawancin yaran da nake rubuta wa su za su fara gani.

Jos na kan tudu wajen mita 1,200, duwatsun Shere kuma sun haura mita 1,800. Ruwa na sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, ga sanyi, ga hazo da safe. Wannan ya sa wurare iri-iri suka taru kusa da juna. Dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis take, misali ne mai kyau: cikin ɗan taƙi kaɗan za ka bi ta kurmin bakin rafi, ka hau kan fa, ka fito filin ciyawa da ƙananan itatuwa. Kowanne da irin nasa.

A filin ciyawa, wajen ƙarshen rani zuwa bazara, bayan wuta ta ci daji, sai ka ga sanda ta fito daga baƙar ƙasa ba ganye ko ɗaya, ta kai gwiwa ko ƙugu, furanni ruwan hoda zuwa shunayya sun jeru a jikinta, na ƙasa sun buɗe, na sama suna ƙunshe. Dangin Eulophia ke nan. Abincin da ta tara a saiwa tun daminar bara take ci, ganyen sai an yi ruwa zai biyo baya. Mai kiwo ya san ta sarai ko da bai sa mata suna ba.

Tsakiyar damina kuwa, Yuli da Agusta, lokacin Habenaria ne. Wurin da ruwa ke tsattsafowa suke so: gefen fadama, da 'yan aljihunan ƙasa da ke taruwa a kan fa inda gansakuka ke riƙe laima. Su ba su da kwalliya, kore ne ko fari, har ka taka ba ka gani ba. Ka tsuguna ka juya furen, za ka ga wutsiya siririya tana reto a bayansa, ruwan zaƙin yana can ƙarshenta. Masu dogon baki da ke yawo da dare, 'yan'uwan malam-buɗe-littafi, su ke iya kaiwa gare shi, shi ya sa da yawansu ƙamshinsu ya fi tashi bayan magariba.

Na kan bishiya kuma kurmi za ka nema, inda inuwa da feshin ruwa suke, irin kwazazzaban gefen tudu wajen Assop da Kurra. Ka ɗaga kai ka bi manyan rassa da ido. Da yawansu furensu bai wuce ƙwayar wake ba.

Akwai masu ruɗa mutum. Albasar kwaɗi da ke fitowa farkon damina kunnuwanta shida duk iri ɗaya ne, ga zare shida a tsakiya, ba ta ciki. Akwai kuma wani ɗan'uwan citta mai babban fure shunayya da ke buɗewa dab da ƙasa kafin ganyensa ya fito. Wannan ya fi yaudara, amma ka murza saiwarsa ka shinshina, ƙamshin yaji zai tona shi.

Yanzu ga hujjata a kan suna. Su kansu masanan ba su ƙirƙiro kalmar da ta siffanta nau'i 28,000 ba. Sunan gida ɗaya suka ɗauka, Orchis, wanda ke fitowa a ƙasa can Turai da kewayenta, suka yafa wa dangin duka, har da na kan bishiya waɗanda ba su da saiwa biyun nan sam. Mu ma haka muke yi: dangin wake, dangin albasa, dangin citta. Don me ba za mu ce dangin manta-uwa ba? Sai a raba: manta-uwar bishiya, manta-uwar ƙasa.

Sunan ma ya faɗo daidai kan halin tsiron. Ƙwayar masara ko ta gyaɗa uwa ce ke ɗaure mata guzurin da za ta ci har ta yi ganye. Irin wannan dangin kuwa ba a ba shi komai ba. Iska ce ke kwashe shi, kuma ba zai tsira ba sai ya faɗa inda wata fumfuna 'yar'uwar naman kaza take, ta shiga jikinsa ta ciyar da shi. Na ƙasa da na bishiya duk haka suke. Ba don wannan kakanni suka sa sunan ba, na sani, amma malami zai iya rataya darasi guda a kansa.

Ustazu

Hujja ta yi. Maganar ɗacin tarihin fa?

Malami mai ritaya

Ba a goge shi, a faɗa wa yara yadda yake. Batun ciyawar da ke raba sunan da shi kuma ba sabon abu ba ne, sunayen tsirranmu da yawa biyu ko uku ke amsawa. Kalmar dangi a gaba ta isa ta raba gardama. Abu ɗaya nake roƙo: a rubuta ƙarara cewa ba a ce kowa ya jiƙa wa jariri ba. An ambaci al'adar ne don asalin suna.

Hajiya mai lambun fure

Ku malamai kun gama naku, ni kuma kwastoma ba zai zo ya ce a ba shi manta-uwa ba. A allon farashi okid zan ci gaba da rubutawa. Amma ɗana, tunda yara za ka koya wa, sa musu wannan: kada su tono. Ana kawo mini na daji a buhu, saiwa duk a karye, in gaya maka gaskiya yawancinsu ba sa kai damina ta biyu a tukunya. Yanzu da ka yi bayanin fumfunar nan na ƙara gane dalili.

Mai zare

Hajiya, wannan zai shiga da manyan baƙi. Dangin nan kaf yana cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai sa ido kan cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ta sa wa hannu, ba a fitar da shi ƙasar waje sai da takardar izini. A Zambiya ana haƙar saiwar na ƙasa a haɗa da gyaɗa a yi abincin da suke kira chikanda, cinikin ya yi ƙarfi har ya tsallaka kudancin Tanzaniya, kuma kare furannin tudun Kitulo na cikin dalilan da suka sa aka mai da wurin gandun ƙasa a 2005. Mu nan noma da gini da ramukan kuza sun riga sun ci filin da yawa, ba sai an ƙara da buhu ba.

Ga abin da zan rubuta, sai in wani ya zo da wanda ya fi shi. Sunan dangi: dangin manta-uwa, tare da faɗin cewa a kasuwa okid ake ce masa, sau ɗaya a farkon darasi. Rassa biyu: manta-uwar bishiya da manta-uwar ƙasa. Kunnen nan na shida: leɓe. Dunƙulen garin fure: ƙulli.

Ɗalibi

Yaya, saura abin tsakiyar nan da namiji da mace suka haɗe. A aji ginshiƙi muke fassara shi.

Wata 'yar'uwa, Narkuta

Ginshiƙi ya yi masa girma, abin da bai kai kan ashana ba a wasu. Ni turke zan ce, tunda a jikinsa ƙullin yake ɗaure.

Mai zare

Na rubuta turke da fensir. Wanda ke da kaka ko kakan da ya yi kiwo ko farauta wajen Shere ko Riyom, don Allah ya nuna masa hoton mai ruwan hodan nan kafin Maris, a ji me suke ce mata, da Hausa ko da Birom ko da Fulatanci.