Slirp a QEMU: g_poll ya wadatar, ko sai an ba slirp zarensa (thread)?

Bakano: A ganina gyaran 2013, lokacin da aka cire select aka sa g_poll (hanyoyi biyu na jiran soket) a babban madaukin QEMU, manhajar gudanar da kwamfutar kwaikwayo, ya kashe maganar slirp, sashen da ke haɗa baƙo (tsarin da ke gudana cikin QEMU) da hanyar sadarwa. Ciwon dama iyakar select ce, wato FD_SETSIZE, 1024 a Linux. Da lambar soket ta kai nan, FD_SET sai ya yi rubutu a inda ba hurumin sa ba. Yanzu jerin GPollFD ne mai girma gwargwadon buƙata.

Malama: Iyaka ta tafi, ɗan'uwa, wahala tana nan. A kowane zagaye slirp_pollfds_fill yana bin soket na TCP da UDP da ICMP ɗaya bayan ɗaya ya sake gina jerin, slirp_pollfds_poll kuma ya sake bin su, duk a ƙarƙashin BQL, babban makullin QEMU. Idan baƙo ya buɗe haɗi da yawa, vCPU (CPU ɗin baƙo) mai buƙatar makullin sai ya tsaya jira. A ba slirp AioContext nasa kawai, wato madaukinsa a zarensa daban.

Injiniya: Malama, a baki ne yake da sauƙi. Ba a rubuta libslirp, laburaren slirp, don zare biyu su taɓa shi lokaci guda ba. Fakitin baƙo yana shiga ta slirp_input, hostfwd_add yana zuwa daga monita (wurin ba QEMU umarni), kuma jerin soket ɗaya suke taɓawa. Sai dai a sa makulli ko layin jira ta kowane ɓangare. Ga agogo: na sauri milisakan 2, na jinkiri 499. Slirp ne ke rage wa poll lokacin jira saboda su. Aka manta da wannan wajen ƙaura, fakitin da ya ɓata ba za a sake tura shi ba sai wani abu ya tada madaukin.

Bakano: Ko ƙaramin sauyin ma yana da tarko. Select yana ɗaukar soket da aka rufe a matsayin mai abin karantawa, poll kuwa G_IO_HUP da G_IO_ERR, alamar rufewa da ta kuskure, yake bayarwa daban. Ba a kula da su ba, madauki ya dinga juyawa yana cinye CPU.

Malama: Wannan hujjar a yi gyara a hankali ce, ba a fasa ba. Ku dubi passt: shiri ne daban a wajen QEMU mai yin aikin slirp, da epoll (hanyar jiran soket ta Linux) yake aiki, ana haɗa shi ta -netdev stream tun QEMU 7.2.

Injiniya: To ai mai neman gudu ya samu hanya ke nan, ko tap da vhost-net, hanyar da ke bi ta kernel ɗin Linux. Wa zai ɗauki nauyin gwada sabon zare a Windows, inda g_poll ba ya karɓar soket kai tsaye?