DX7 ɗina na makara a FL Studio, a taimaka mini

Salamu alaikum 'yan uwa masu haɗa kiɗa. Ina da ɗan situdiyo a Nima, nan Accra. Na jona tsohuwar Yamaha DX7, madannan kiɗa ƙirar 1983, da FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta: MIDI, wato saƙon abin da za a kaɗa, na tafiya, sautin kuma na dawowa ta akwatin sauti mai shigar da shi kwamfuta. Matsalar ita ce duk abin da na naɗa sai ya makara, ganga na gaba shi yana baya. Na rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, daga 512 zuwa 128, sai sautin ya riƙa kakkaryewa. Ga kuma wani ƙugi da ke tashi da zarar na sa kwamfutar a caji.

An ce in sayar da ita in koma Dexed, manhajar da ke kwaikwayon DX7, kyauta ce kuma tana karanta sautukan DX7. Amma wallahi yatsuna sun saba da wannan madannai. Ta ina zan fara gyaran makarar?