Masu juna biyu a annobar mura ta 1918: da me masu jinya suka yi aiki?

Ɗalibar ungozoma, daga unguwar Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a karatun ungozoma a nan Maraɗi. Jiya malaminmu ya yi mana bayanin murar 1918, wadda aka ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 50 a duniya, ya ce masu juna biyu suna cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna. Tunda ba a gano ƙwayar cutar ba sai 1933, kuma babu rigakafi babu penisilin, me mai jinya take iya yi idan ta tarar da mai cikin wata bakwai kwance tana haki?

Tsohuwar ungozoma, Bagalam:
Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku bai faɗi ƙarya ba. A 1919 wani likita a Amurka, John Harris, ya tattara bayanin mata 1,350 masu ciki da suka kamu: kashi 27 cikin ɗari sun rasu, waɗanda cutar ta sauka musu a huhu kuwa fiye da rabinsu ba su tashi ba. Dalilin kin san shi, domin idan ciki ya tsufa mahaifa tana tokare ƙirji, numfashi ya taƙaita, zazzaɓi mai zafi kuma yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci.

Abin da ya rage musu aikin hannu ne. Su ɗaga mace su jingina ta da matashi don ta samu iska, su goge mata jiki da ruwa, su ba ta ruwa da romo cokali-cokali, su canza zanin gado, su buɗe taga, su raba jariri da masu tari. A Niyok, Lillian Wald ce ta shugabanci masu jinyar da suke bin gidaje, a lokacin da yaƙin duniya na ɗaya ya kwashe da yawa daga cikinsu zuwa Turai. Sau da yawa sai sun fara hura wuta sun dafa abinci, domin gidan kowa yana kwance. Ni dai ban taɓa raina wannan aiki ba, ko da yake yaran yanzu sun fi ganin girman allura.

Malamin tarihi, Tibiri:
Hajiya ta gama magana, sai dai in ƙara ta wajenmu. Cutar ta sauka Firitawun, babban birnin Saliyo, a Agusta 1918 daga jirgin ruwa, ta isa Legas a Satumba, ta biyo layin dogo zuwa Kano, daga can kuwa hanyar fatake a buɗe take. Kakata takan kira lokacin shekarar marisuwa. Makarantar likitanci ta Dakar, mai sashen ungozomomi, a wannan shekarar aka buɗe ta, saboda haka mai naƙuda a tsohon garin Maraɗi, can cikin kwarin gulbi, ungozomar unguwa da uwarta da kishiyarta ne a kanta.

Tsohuwar ungozoma, Bagalam:
Haka ne, Malam. Ke kuma 'yata, kada ki ɗauka hatsarin ya wuce, domin a murar 2009 masu ciki kashi 1 ne na mutanen Amurka, amma kusan kashi 5 ne na mamata. Idan kina wurin awon ciki kika ji mace tana tari jikinta da zafi, ki fitar da ita daga layi, ki zaunar da ita gefe, ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya cur kafin ki ɗauko tef ɗin awo.