"Sata" ce ko ba sata ba ce? Gardamar malamai kan memuwar ɗalibai

Malam Laminu: Jama'a, lokacin kare memuwar, wato kundin kammala karatu, ya zo, takaicin bara ya dawo. Ɗalibi ya yi shekara 3 a lisansi, wato digiri na farko, ya tara kiredi 180, amma shafi guda ya gagare shi. Gabatarwa ba tambayar bincike, babi na biyu kuwa sata ce daga intanet, har shuɗin layin da ke ƙarƙashin kalmomi bai goge ba. A fara darasin dabarun rubutu tun shekarar farko, awa 2 duk mako, a daina jira sai zango na 6.

Hajiya Rabi: Malam, "sata" ta yi nauyi. Ɓarawo ya san abin da ya ɗauka ba nasa ba ne. Yaron nan tun lakwal hadda aka koya mishi: malam ya rubuta a allo, shi ya kwafe a kaye, ya maido ranar jarrabawa, a ba shi 18 bisa 20. Yau ya yi abin da aka saba yaba mishi, ka ce ɓarawo?

Dakta Habu: Sata ce, Hajiya, kuma iri uku ce. Akwai kwafe kalma da kalma ba tare da alamar « » ba. Akwai sauya kalma biyu ko uku a bar ƙashin jimlar yadda yake. Akwai ɗaukar ra'ayin mutum a ƙi ambatonsa. Ta biyun ta fi kama masu gaskiya. Maganinta: ka karanta sakin layi, ka rufe littafin, ka rubuta da bakinka, sannan ka buɗe ka gwada. In kalma biyar ko shida a jere sun zo daidai, sake. Daga nan sai sunan marubuci da shekara.

Hajiya Rabi: To ka gani, da bakinka ka ce masu gaskiya.

Dakta Habu: Mai gaskiya ma in ya ja akuyar maƙwabci bisa kuskure, maidowa yake.

Malam Sanusi: Kafin a yanke wa yara hukunci, a san abin da manhajar gano kwafi ke aunawa. Kamanceceniya take ƙirgawa, har da jerin littattafan ƙarshe da sunayen ma'aikatu, in ba a cire su ba. Mai kamanceceniya kashi 25 na iya zama tsaf. Mai kashi 5 na iya zama ya ɗauko aikin Ingilishi ya juye shi Faransanci, manhajar ta wuce shi. Ido ya fi ta: jimla ta yi santsi kwatsam tsakanin jimloli biyu masu ɗingishi, nan za ka tona.

Dakta Habu: Shi ya sa nake cewa a tsaya kan APA, tsarin ambaton marubuci a baka biyu cikin rubutu. Suna, shekara, shafi. Maganar da ta kai kalma 40 a ware ta ita kaɗai, a tura ta ciki da santimita 1,27. Marubuta uku zuwa sama, sunan na farko da "et al.", wato "da sauransu". Manhajar Zotero mai tsara jerin littattafai kyauta ce, ita za ta jera sauran.

Malam Ilya: Ku da kuka yi karatu Sakkwato da Zariya komi APA. Mai tarihi da mai shari'a bayanin ƙasan shafi suke yi. Takardar ajiya da ba ta da marubuci ba ta da shekara, ina za ka cusa ta a baka biyu?

Dakta Habu: Ku ƴan Yamai kuwa "ibid." da "op. cit.", masu nufin littafin da aka riga aka ambata, har sai mai karatu ya koma baya shafi goma yana neman littafin. Ɗalibi ya matsar da sakin layi guda, duk "ibid." ɗin sun koma nuna wani littafi daban.

Malam Ilya: Ranka ya daɗe, ba a taɓa Yamai a gabana.

Hajiya Rabi: Duk kun bar tushen. Da Hausa yaro ke tunani, da Faransanci ake ce ya rubuta. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. A bar shi ya faɗi tambayar bincikensa da Hausa a jimla guda, in ta tsaya sai ya juya ta.

Malam Ilya: Juri kuma da wane harshe za su yi mishi tambaya?

Malam Laminu: Ni fa awa 2 a shekarar farko na roƙa. Ba wanda ya ce e, ba wanda ya ce a'a.

Malam Sanusi, mai kula da zaure: To, a taƙaice: an yarda ba a dogara da manhaja, idon malami ne gaba, kamar yadda na faɗa. APA ta fi rinjaye, Malam Ilya ne kaɗai ya ƙi. Zancen "sata" an bar shi tunda Hajiya ba ta so. Batun awa 2 sai wani jiƙon. Na rufe.

Malam Ilya: Rinjayen mutum ɗaya?