Na sayi ƙaramar laftof a Ikeja, batir ba ya kai awa 3: in mayar, ko in canza batir?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa, domin garantin sati ɗaya aka rubuta mini a rasit kuma ya kusa ƙarewa.

Ina koyarwa a wata Islamiyya a Agege, ina kuma karatu a NOUN, jami'ar karatu daga gida. A da kwamfutar yayana nake aro, mai inci 15, nauyinta kaɗai ya isa ya hana mace fita da ita. Na tara kuɗi na je Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, na sayi ƙarama, tokunbo (ta hannu daga ƙasar waje), inci 13, Core i5 ƙarni na 8, RAM 8, SSD 256. Gaskiya ta shiga raina. Tana shiga jakar hannuna tare da rajistar ɗalibai, ina hawa danfo da ita ba wanda ya san ina ɗauke da kwamfuta. Kafin in gyara zama ta gama buɗewa. Kibod ɗin yana da laushi, yana kuma haske da dare, abin da ya fi burge ni ke nan tunda yawancin aikina cikin duhu nake yi. Sifikarta ba ta da ƙarfi, ramukan USB biyu ne kacal, ƙasanta na ɗaukar ɗumi idan tana caji, amma duk waɗannan zan iya haƙuri da su.

Batirin ne ya tayar mini da hankali. Mai shagon ya ce za ta yi awa 8. Idan ina shigar da makin yara a Excel ba ta kai awa 3, idan kuma lacca ce ta Zoom da intanet ɗin wayata, ko awa 2 ba ta cikawa. Wani lokaci tana nuna kashi 30, sai kawai ta mutu. Layinmu ba ya cikin Band A, rukunin da ya fi samun wutar lantarki, wuta sai ta ga dama, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba a kunna janareto a gidanmu sai da dalili mai ƙarfi. Saboda batir na sayi kwamfutar nan. Shin in mayar masa, ko in sayi sabon batir, ko fawa-banki zai wadatar? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja:

Wa alaikumus salam Malama. Kada ki kashe ko sisi tukuna, kuma kada ki je shagon hannu rabbana. Kwamfutar da kanta za ta faɗa miki halin da batirin yake ciki. Danna Start, rubuta cmd, ki buɗe baƙin allon da zai fito, ki rubuta powercfg /batteryreport ki danna Enter. Zai nuna miki inda ya ajiye rahoton. Ki buɗe shi ki nemo layi biyu: Design capacity, wato abin da batirin yake ɗauka ranar da aka ƙera shi, da Full charge capacity, abin da yake iya ɗauka yau. Wasu suna nuna Cycle count, adadin cikawa da ƙarewar da ya yi. Ki turo mana lambobin.

Bari in yi miki bayanin abin da za ki gani. Batir kamar randa yake, aikin da kike yi kuma shi ne moɗa. Ƙananan kwamfutocin ofis na wannan ƙarnin galibi batirinsu tsakanin wat-awa 42 zuwa 60 ne, wat-awa kuwa shi ne ma'aunin wutar da batir ke ɗauka. Rubutu da Excel, da hasken allo matsakaici, suna cin kamar wat 7 zuwa 9. Zoom da kyamara a kunne zai iya kai wat 15. Sai ki raba. Batir mai wat-awa 50 sabo fil, a raba da 8, awa 6 ke nan da ɗan ɗori. Kin ga ko ranar da ta fito daga kwali, awa 8 sai an rage haske sosai an kashe intanet. Ita kuwa Core i5 ƙarni na 8 a wajajen 2018 aka yi ta zuba ta a kwamfutocin ofis, ma'ana batirin nan ya yi shekaru yana aiki a wani ofis a Turai ko Amurka kafin ya hau jirgin ruwa. Batirin lithium yana tsufa ko ana amfani da shi ko yana ajiye.

Mutuwa a kashi 30 ita ce ta fi damuna. Wani lokaci lissafin kashin ne ya rikice, a cika ta dam, a bar ta ta ƙare, a sake cikawa ba yankewa, sai ya daidaita. Amma sau da yawa alama ce ta cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin batirin ta gaza. Ki kuma ɗora kwamfutar a kan tebur ki duba: tana zama daidai ko tana rawa? Wurin da kike goga yatsa ya ɗago, ko dannawa ta yi tauri? Idan haka ne batirin ya kumbura, ki daina cajinta nan take.

Abu ɗaya da zan yi wa mai shagon adalci a kai: idan sabon Windows ya ɗora miki, kwanakin farko tana ta sauke sabuntawa a ɓoye, wannan yana cin batir. Amma ba shi zai sa ta mutu a kashi 30 ba.

Wani dattijo, kasuwar Mile 12:

'Yata, ni ban san kan na'ura ba, amma na san ciniki. Ya ce awa 8, kin samu 3, magana ta ƙare. Ki koma tun garantin yana da rai, da rasit a hannu, ki tafi da yayanki ko wani namiji da ya san kasuwar. Kada ki bari wani ya kwance mata ko ƙusa ɗaya kafin nan, domin da zarar an buɗe zai ce ke kika ɓata. Kuma ban da faɗa. Ki yi magana a hankali a gaban maƙwabtan shagonsa, ɗan kasuwa yana jin kunyar maƙwabta fiye da yadda yake jin tsoron hayaniya.

Wata ɗaliba, Idi-Araba:

Anti, idan har zai karɓa ya ba ki kuɗinki, ki yi ƙoƙari ki cika ki sayi MacBook Air M1. Ita nake riƙe da ita, ita ma ta hannu ce. Apple sun fito da ita a ƙarshen 2020, batirinta wat-awa 49.9 ne, kusan daidai da naki, amma na'urar cikinta ba ta cin wuta, shi ya sa suka ce tana kai awa 15 a intanet. Tawa ba sabuwa ba ce, duk da haka ina wuni da ita a makaranta ban ɗauki caja ba. Ba ta da fanka ma, ba ƙara ko kaɗan. Excel da Zoom duk suna yi.

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja:

Ƙanwata ba ki yi ƙarya ba, a harkar batir M1 ta yi wa waɗannan nisa. Sai dai tazarar kuɗin ba ƙarama ba ce ga mai albashin Islamiyya. RAM da SSD ɗinta a manne suke, abin da kika saya da shi za ki zauna, gyaranta kuma ya fi tsada. Mai sayen ta hannu dole ya tabbatar tsohon mai ita ya cire asusunsa na iCloud, in ba haka ba wata rana za ta kulle. Ita kuwa ta Malama, in dai batir ne kaɗai matsalarta, kwamfuta ce mai kyau. Ƙarni na 8 yana ɗaukar Windows 11, wanda yake da muhimmanci tunda Microsoft sun sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10. Masu ƙarni na 6 da na 7 su ne a cikin matsala.

Mai haɗa sola da inbata, Alaba:

Malama, maganar fawa-banki nake so in gyara, domin mutane da yawa suna asarar kuɗi a nan. Na waya ba zai yi ba. Yawancinsu bolt 5 suke bayarwa, masu saurin caji su kai wat 18 ko 22, kwamfuta kuma tana neman bolt 20. Da farko ki duba ko ramin USB-C na jikin taki yana karɓar caji, domin ba kowanne ne yake karɓa ba. Idan cajar da aka ba ki mai bakin USB-C ce, shi ke nan. Sai ki nemi fawa-banki da aka rubuta PD 45W ko 65W a jikinsa, da waya mai kauri da za ta ɗauka.

Kada lambar mAh da ake rubutawa a jikin fawa-banki ta ruɗe ki. Mai 20,000 idan aka buga da bolt 3.7 wat-awa 74 ne, bayan asarar da ake yi wurin juyawa abin da zai shiga kwamfutar bai fi 55 zuwa 60 ba. Wato cika ɗaya da 'yan kai. Yana da amfani, har wayarki zai riƙe. Amma ni ba zan ba ki shawarar ki sa shi a madadin batir mai mutuwa a kashi 30 ba. Ranar da wayar cajin ta ɗan motsa a tsakiyar TMA, jarrabawar da NOUN ke yi ta intanet, allo zai yi baƙi. A fara gyara na ciki, fawa-banki ya biyo baya idan kuɗi ya samu.

Wata uwa, Obalende:

Ki daina ɗora ta a kan katifa ko filo, 'yata. Zafin Legas kaɗai ya ishe ta, balle an toshe mata wurin shan iska. Faranti ko babban littafi ma ya isa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam mai gyara, na yi yadda ka ce. Design capacity 48,000 ne da 'yan kai, Full charge capacity 27,000. Wurin Cycle count babu komai, layi ne kawai. A kan tebur tana zama daidai, ba ta kumbura ba. Cajar mai bakin USB-C ce, wat 65. Baba, zan bi maganarka, yayana ya ce zai raka ni. Abin da ban sani ba shi ne me zan nema idan mun je, domin gaskiya ba na son rabuwa da ita.

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja:

To alhamdu lillahi, ga amsa ta fito. Saura kashi 56 cikin 100 na ƙarfin batirin. Wannan 27,000 ɗin wat-awa 27 ke nan. Raba 27 da wat 9, awa 3 ke nan, kusan daidai da abin da kike gani. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau, batirin ne ya tsufa. Rashin Cycle count ba komai ba ne, wasu ba sa nunawa. A wurinmu batirin da ya sauka ƙasa da kashi 80 ya fara gajiya, wanda ya sauka ƙasa da 60 kuwa na canzawa ne.

Ki ɗauki hoton rahoton a waya ki nuna masa. Ki nemi ɗaya cikin biyu: ya sa miki wani batir a gabanki, ko ya rage kuɗin batir daga abin da kika biya ki sa a wani wuri. Idan ya ce zai musanya miki da wata kwamfutar iri ɗaya, kada ki karɓa sai kin buga wannan umarnin a kanta a cikin shagon. Ni na fi son ya sa batir, tunda kin riga kin gwada allon wannan da kibod ɗinta kin san lafiyarsu, wata kuwa sabon bincike ce.

Batirin da za a kawo kashi uku ne a kasuwar nan: na asali sabo, wanda yake da wuyar samu ga kwamfuta mai waɗannan shekarun; na asali da aka ciro daga wata kwamfutar; da kwaikwayo. Na cirowa mai kashi 85 zuwa sama ya fi mini kwaikwayo mara suna. Ki sa a haɗa lambar da ke jikin tsohon da ta sabon, su zo ɗaya. Kuma kada ki tsaya ga rahoto kaɗai, domin batirin kwaikwayo yana iya nuna lamba mai kyau alhali cikinsa ba haka yake ba. A cika shi, a cire caja, ki kunna bidiyo da haske rabi na minti 30 kina zaune a wurin. Idan ya sauka da kashi 8 zuwa 10, ya yi. Idan ya zubar da 20, a cire shi. A rubuta miki garantin batirin daban a rasit, ko na wata ɗaya ne.

Da batir mai lafiya ki sa ran awa 5 zuwa 6 a rubutu, Zoom kuma kamar awa 3. Wanda ya ce miki 8 ki bar shi da maganarsa. Don ki ƙara ja: hasken allo shi ne babban mai ci, ki bar shi a rabi, ki kashe kyamara a lacca idan ba a tilasta ba, hasken kibod ki sa a mataki na ƙasa, kada ki bar shafuka goma a buɗe a Chrome, idan za ki kwanta ki kashe ta gaba ɗaya maimakon rufe murfi. Akwai tsarin da ke tsayar da caji a kashi 80 don batir ya daɗe, amma wannan na masu wuta ne kullum. Ke da wutarku ba tabbas, ki cika ta 100 duk lokacin da aka kawo, ki dai guji barin ta tana kaiwa sifili.

Ku fito da safe kafin kasuwa ta cika, domin gwajin nan yana son zama. Daga Agege jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a Ikeja idan lokacinsa ya yi muku daidai, in ba haka ba danfo ma ba nisa. Ki kwashe makin yaran a filashi kafin ki miƙa wa kowa kwamfutar, ki kuma tafi da cajarki.